Kafin Tsirya Ta Bi Sawun Aku

Wanda ya san dajin Yankari ko gefen Gashaka da sanyin safiya ya san kukan nan mai kaifi da ke tsaga iska tun ba a ga mai yin sa ba. Kana ɗaga kai sai ka hango tsuntsaye biyu ko huɗu sun gifta a guje, fiffike na kaɗawa da sauri-sauri, wutsiya guntuwa kamar an datse ta, ciki na walƙiya. Kafin ka nuna wa na kusa da kai sun faɗa cikin ɗorawa sun ɓace, don korensu da na ganye kusan ɗaya ne. Tsirya ke nan, tsuntsuwar da nake ganin tana zubewa daga hannunmu a hankali, kuma babu mai ɗaga murya, saboda takardun duniya sun ce tana da yawa.

A bakin yawancin mutane duk ƙaramin aku kore tsirya ne, amma iri biyu gare mu. Akwai siririya mai jan baki da doguwar wutsiya, wadda tsawonta ke kai santimita 40, namijinta da zobe a wuya. Ita ta fi son ƙasar Sahel, har cikin gari takan shigo. Akwai kuma gajeruwa mai ƙaton kai, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan ƙasar Senegal tun da aka shigar da ita littafin masana a 1766, ko da yake mazauninta ya miƙe tun daga bakin tekun Senegal har kudancin Chadi. A kanta nake magana. Shi kuwa aku na ainihi, mai ruwan toka da jar wutsiya, ɗan kurmi ne, kuma za mu zo kansa.

Tsawon wannan tsiryar santimita 23 ne ko kusa da haka, nauyinta tsakanin giram 120 da 170, wato ko tattabarar gida ba ta kai ba. Kanta ruwan toka ne mai duhu, kamar ta cusa shi a murhu. Baya da fiffike da maƙogwaro kore ne. Koren ƙirjin yana saukowa yana tsukewa har ya yi tsini a tsakiyar ciki, launi mai haske ya kewaye shi ta gefe biyu, sai ka rantse falmaran ta saka. Launin falmaran ɗin yana faɗin asalinta. Ta can yamma, Senegal da Mali da Gini, rawaya ce. Ta Kwaddibuwa da Ghana zuwa yammacin Najeriya ja-ja ce mai duhu, kamar manja. Ta gabas da arewa maso gabashin Najeriya, da arewacin Kamaru, da kudu maso yammacin Chadi, ruwan lemo ce. Wannan yana da amfani ga jami'in da ya kama akwati cike da su a kan iyaka: kallo ɗaya zai nuna masa ko daga nesa aka ɗauko su, kuma ya hana shi ya sake su a dajin da ba nasu ba.

Idonta ma yana ba da labari. Babba idonta rawaya ne garau. Ɗan da bai daɗe da barin sheƙa ba idonsa duhu ne, kusan baƙi, sannan ya riƙa washewa a hankali zuwa toka-toka kafin ya koma rawaya. Saboda haka idan ka ga tsirya a keji a bakin titi da baƙin ido, to ba ta daɗe da barin kogo ba. Idan kuwa idonta rawaya ne, tana ihu tana maƙalewa a kusurwar keji da zarar hannu ya matso, babba ce da aka kama da tarko. Namiji da mace kama ɗaya suke. Masu kiwo sukan ce tsinin koren mace ya fi sauka ƙasa, kuma gashin ƙarƙashin wutsiyar namiji rawaya ne zalla, amma waɗannan alamu ne kawai, sukan yi ƙarya; gwajin jini ko na gashi ne ke yanke hukunci. Yatsunta huɗu, biyu gaba biyu baya, da su take riƙe abinci ta kai baki kamar mutum, bakin kuma ya zama ƙafa ta uku idan tana hawan reshe.

Ba ta zama a kurmi mai duhu, ba ta zama a fako. Wurinta daji ne mai bishiyoyi jefi-jefi, da bakin rafi, da irin gonakin nan namu da ake barin kaɗanya da ɗorawa da kuka a tsakiyar shuka. Shi ya sa ake samun ta a Mole ta Ghana, da dajin W na Nijar, da gandun Benuwe na Kamaru, kuma ake samun ta a bayan ƙauyen da babu wani gandu kusa da shi. Ba ta yin doguwar hijira, sai dai ta bi abinci daga wannan yanki zuwa wancan. Da hunturu madobiya ta zubar da ganye ta yi fure rawaya, ɗorawa ta saki jan furenta mai kama da tuntu, tana nan. Da bazara ɗorawa ta nuna, ta tsaga kwanson ta ci gari ta fasa kalwa. Danya da kaɗanya su karɓe ta zuwa farkon damina, ga ɗinya da tsada, ga ƙwayar maɗaci, ga ɓaure da ke cike giɓin da sauran suka bari. Da kaka kuma ta leƙa gero da masara da gyaɗa. Kada a ɗora mata rawanin da ba nata ba: wasu masu son tsuntsaye sukan ce tana shuka daji, alhali yawancin ƙwayar da ta kama fasa ta take yi ta cinye. Abin da take yi shi ne ɓarnar ci, ta gutsura ta yar, na ƙasa su samu.

Inda maganar take da nauyi shi ne sheƙa. Tsirya ba ta saƙa sheƙa da ciyawa, kuma ba ta iya huda lafiyayyen itace. Kogo take nema wanda ya riga ya samu, ko dai inda reshe ya karye ruwa ya shiga ya ruɓar da cikin, ko ramin da maƙwaƙwafa ya sassaƙa ya bari. Takan so shi can sama, kamar mita goma daga ƙasa, baki ɗan matsattse yadda guza da manyan tsuntsaye ba za su shiga da sauƙi ba, ciki kuma da zurfi. Irin wannan kogo sai tsohuwar bishiya. Kaɗanya takan shafe shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma sai ta daɗe da manyanta kafin ta yi kogon kirki. Sannan ba tsirya kaɗai ke layi ba. Cilakowa na so, mujiya na so, tsanwaka na so, zuma kuwa idan ta shiga magana ta ƙare.

A cikin kogon macen ke yin ƙwai uku ko huɗu, farare, kowanne tsawonsa kamar santimita 3, yawanci daga ƙarshen damina zuwa cikin rani gwargwadon yanki. Ita ke kwanci, kwana 27 zuwa 28, namijin na kawo mata abinci. 'Ya'yan su fito kusan tsirara, ido a rufe, su yi wajen mako tara a ciki kafin su fara tashi, su ƙara kamar mako uku suna bin iyaye kafin su tsaya da ƙafarsu. A lissafa: wata uku cur kogon na riƙe da iyali ɗaya, kuma a shekara sau ɗaya ne. Ɗan da ya tsira ba zai yi nasa ƙwan ba sai ya shekara biyu ko uku, wani ma fiye. A gwada da jan-baki, ƙaramin tsuntsun nan mai cinye hatsi a gona, wanda ke ƙyanƙyashewa cikin kwana goma, ya tashi cikin mako biyu, ya hayayyafa tun yana shekara ɗaya. Jan-baki ko an kashe miliyan, baɗi sai ya dawo. Tsirya tsarinta na mai tsawon rai ne, shekara 25 zuwa 30, tana haihuwa kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan halitta ba ta jure a riƙa ɗibar ta kowace shekara.

To, ta fuska biyu ake ɗibar ta. Ta farko gatari ne. Mai gawayi ba ya neman ƙaramar bishiya, yana neman mai kauri mai nauyin itace, kaɗanya da ƙirya da marke, wato daidai waɗanda suka kai shekarun yin kogo. Madobiya kuwa ta ga ta kanta tun da kasuwar katakon China ta buɗe mata baki. Tsakanin 2014 da 2017 Najeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da wannan katako, wanda a Taraba ake kira madrid, har aka saka shi a jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da itatuwan da ke cikin haɗari, a farkon 2017, aka kuma dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018. Kafin nan tireloli sun riga sun kwashe manyan. Ga mai neman zuma da ke cinna wa kogo wuta, wani lokaci ya kayar da bishiyar gaba ɗaya saboda kwalba biyu. Ga gobarar daji da ke cin gindin tsohuwar bishiya shekara bayan shekara har iska ta tuge ta.

Ana yawan amsa wannan da cewa ai ana dashe. Ana yi, kuma abin a yaba ne. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna wa duniya abin da sassaben zamani zai iya, tun daga shekarun 1980, inda suka rayar da bishiyoyi daga kututture a fili mai faɗin kusan hekta miliyan biyar. Amma dashen bana inuwa zai bayar nan da shekara biyar, itacen girki nan da shekara goma. Kogo kuwa sai jikokin mai dashen. Shirin da ke ƙirga nasararsa da yawan tsiron darbejiya da turare da aka raba, alhali ana sare kukar da ta shekara ɗari a bayan gari, asara yake ƙirgawa a matsayin riba, in dai ta fuskar tsuntsayen kogo ne.

Fuska ta biyu keji ne. Tun 1981 aka sa tsirya a jeri na biyu na CITES, wanda ke nufin ana iya cinikinta tsakanin ƙasashe amma da takarda. Daga wannan shekara zuwa farkon 2005, sama da 700,000 da aka kamo daga daji aka rubuta sun tsallaka iyaka, kusan 30,000 ke nan duk shekara, yawanci daga Senegal da Mali da Gini. Wannan adadin waɗanda suka isa filin jirgi da rai ne kuma aka rubuta su. Amurka ta toshe ƙofarta da dokar 1992, Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da haramcin na dindindin a 2007. Cinikin ya ragu sosai, amma bai mutu ba. Ya karkata zuwa Gabas ta Tsakiya da Asiya, ya koma Facebook da WhatsApp, sannan akwai kasuwar cikin gida wadda ba ta taɓa shiga lissafin kowa ba: kejin waya a mahaɗar titi, da rumfar masu tsuntsaye a kasuwar birni.

Yadda ake kamun ya kamata mai saye ya sani. Manya da danƙo ake kama su. A shafa shi a sanduna, a ɗaure wata tsirya a kusa, ta yi ta kuka, 'yan'uwanta su sauko duba ta su manne. Halinsu na zumunci shi ne tarkonsu. Wajen ɓanɓarewa gashi ya tuge, wani lokaci fiffike ya goce, sannan a datse gashin tashi, a cusa su da yawa cikin akwati ɗaya. Zafi da ƙishirwa da cizon juna su ɗauki rabonsu tun kafin a kai gari. Idan kuma lokacin sheƙa ne, duk babbar da aka kama ta bar 'ya'ya a kogo da za su mutu da yunwa. 'Ya'yan kuwa hawa ake yi a ɗebo su. Da yake bakin kogon ya yi wa hannu kaɗan, sai a sa gatari a fasa taga a ƙasansa, ko a kayar da bishiyar. An ɗauki 'ya'ya uku na bana, an kuma rushe ɗakin da za a haifi na shekaru ashirin masu zuwa.

Masu cewa addini bai hana kiwon tsuntsu ba sun yi gaskiya, hadisin ƙanen Anas da ɗan tsuntsunsa sananne ne, kuma malamai sun kafa hujja da shi, da sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa. Sai dai akwai wani hadisin a Sunan Abu Dawud da ya fi kusa da abin da muke magana a kai: sahabbai a cikin tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana shawagi tana kaɗa fiffike, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali saboda 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Ban ga yadda za a karanta wannan a kuma halatta fasa kogo da gatari ba.

A gida kuma me ke faruwa? Ɗan da aka ɗebo yana buƙatar abinci mai ɗumin digiri 39 zuwa 41. Ya fi haka zafi, ya ƙona jakar abincin da ke ƙasan wuyansa har ta huje. Ya yi sanyi, abincin ya tsaya a jakar ya yi tsami ya kashe shi. Abin da aka saba ba shi koko ne ko jiƙaƙƙen gero, ana ɗura masa da cokali. Idan ɗurar ta yi gaggawa ruwan ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, kwana biyu a tsince shi a sandare. Wanda ya tsallake wannan sai ƙarancin sinadarin gina jiki da na ƙashi ya lanƙwasa masa ƙafa. Babbar da aka kama kuwa da wuya ta saba da mutum har abada. Ga kuma abin dariya a cikin abin tausayi: yawancin masu saye magana suke so su ji, su kuwa tsiryoyi ba gwanayen magana ba ne. Fito suke yi, su kwaikwayi ƙarar ƙofa ko ta waya, wata ta riƙe kalma biyu-uku da 'yar shaƙaƙƙiyar murya. Mai saye ya jira wata shida bai ji sallama ba, sai kejin ya koma bayan ɗaki kusa da murhu.

Wanda ya riga ya mallaki tsirya kada ya ce zai buɗe keji don neman lada. Wadda aka raina a hannu ba ta san abincin daji ba, ba ta san shaho ba, kuma tana iya kai wa na daji cutar da ta kwaso a rumfar kasuwa, musamman ƙwayar cutar nan da ke lalata baki da gashin dangin aku, wadda ba ta da magani. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe amana. Keji kada ya gaza santimita 60 ta kowace fuska, tazarar waya kada ta wuce santimita 2 don kada kai ya maƙale, a sa sandunan itace masu kauri daban-daban, a riƙa ba ta ɗanyen reshe tana ɓarzawa, don bakinta ba ya daina tsiro. Gyaɗa da gero zalla su ne ke kashe yawancinsu a hankali: mai ya taru a hanta, ƙarancin sinadarin bitamin A ya kumbura hanci da ido. Gyaɗar da ta yi fumfuna ta fi komai haɗari, gubarta na cin hanta, ƙurarta na tsirowa a huhu. Gyaɗa biyu ko uku a rana sun isa, masu kyau, waɗanda kai ma za ka ci. Sauran a cika da karas, gwanda, kabewa, zogale, alayyafo, dafaffen wake da ɗanyar masara. Fiya guba ce gare ta, haka cakulan da goro da shayi da abinci mai gishiri. Hayaƙin maganin sauro, da turaren wuta, da feshin maganin ƙwari a rufaffen ɗaki suna iya kashe ta a dare ɗaya, domin numfashin tsuntsu ya fi namu zuƙar abin da ke cikin iska. Tana buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 a duhu. Idan ka ga ta hura gashi, ta sauka ƙasan keji, wutsiya na ɗagawa da kowane numfashi, ciwon ya riga ya yi nisa, don tsuntsu ɓoye ciwo yake har sai ya kasa. Mai share kejin shi ma ya kula: busasshen kashinta na iya ɗauke da zazzaɓin aku, mai zuwa da ciwon kai da busasshen tari, a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma wanda zazzaɓi ya ƙi sauka ya gaya wa likita cewa akwai tsuntsu a gidan.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan duk abin da na faɗa ita ce ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta sa tsirya a rukunin da ba a damu da shi ba. Haka ne, amma a karanta layin da ke biye, inda aka ce adadinta raguwa yake. Wannan rukuni yana auna haɗarin ƙarewa daga doron ƙasa baki ɗaya, kuma tsuntsuwar da ke warwatse a ƙasashe fiye da goma za ta daɗe ba ta faɗa wannan haɗari ba, ko da ta ƙare ƙaf a ƙananan hukumomi hamsin. Tsawon ranta ma yana ɓoye ɓarnar. Garken da ba a bar masa ɗa ko ɗaya ba zai ci gaba da wucewa ta saman ƙauye shekara goma ko fiye, kowa na cewa ga su nan, har ranar da tsofaffin suka mutu kusan lokaci ɗaya. Aku ya riga ya bi wannan hanya a gabanmu. Da can ana ganin sa dubbai a wuraren kwanansa a Ghana. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992, sanadin kamu da sare manyan bishiyoyi. A shekarar ne taron CITES na Johannesburg ya haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. An rufe ƙofa bayan ɓarawo ya fita. Kuma duk lokacin da babban kaya ya yi wuyar samu, ɗan kasuwa na ƙasa da shi yake juyawa.

Manomi yana da ƙorafi, kuma ba ƙarya yake ba. Tsirya takan yage bakin masara tun tana ruwa-ruwa, ta ci kaɗan ta bar sauran a buɗe, ruwan sama ya shiga ya ruɓar. Takan sauka kan gyaɗar da aka baza. Amma a duba girman abin. Garkenta goma ne zuwa ashirin, tana zuwa da sassafe da kuma la'asar, ɓarnarta ta fi yawa a kunyoyin da ke kusa da manyan bishiyoyi, kuma kwanakin haɗarin ba su wuce mako uku zuwa huɗu ba, daga lokacin da ƙwaya ta yi ruwa zuwa ta bushe. Tsaro a waɗannan awoyi, da igiya mai gwangwanaye, da majajjawa, ya wadatar. Mutum-mutumi sai ana sauya masa wuri duk bayan kwana biyu-uku, in ba haka ba ta gane shi, har ta sauka a kansa. Zangarniyar da aka ware don iri a rufe ta da buhun raga. Wanda ya yi shuka shi kaɗai kafin maƙwabta, ko ya bar amfani a tsaye bayan kowa ya girbe, shi ke ɗaukar ɓarnar gari duka. Abin da ba shi da uzuri shi ne zuba guba a hatsi ko a bakin ruwa, wanda ke kashe zabin daji da kurciya da kajin maƙwabta tare.

Doka akwai ta a takarda. Najeriya ta kafa dokar kare namun da ke cikin haɗari a 1985, aka yi mata gyara a 2016, ga NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, ga tsohuwar dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da jihohi suka gada. Ƙarfin ta tarayya ya fi karkata ga tashar jirgi da kan iyaka, alhali kogon yana ƙauye, kejin yana kasuwa. Ra'ayina shi ne jihohi su hana sayar da duk wani dangin aku da aka kamo daga daji, su bar ƙofa a buɗe ga wanda ya ƙyanƙyashe nasa a gida. Bambancewa ba wuya. Ɗan da aka ƙyanƙyashe a hannu ana zura masa zoben ƙarfe marar tsaga a ƙafa tun yana ɗan kwanaki, ƙafar ta girma a ciki, daga nan ba ya fita, kuma ba ya shiga ƙafar babba. Zoben da aka matse da filaya yana da tsaga, ido na gani. Tsirya tana hayayyafa a hannu idan an ba ta akwatin katako mai tsayin santimita 45, faɗi 20 zuwa 25, da ƙofa mai faɗin santimita 6 zuwa 7, don haka mai son wannan sana'a yana da hanyar halal.

Masu kamun kansu ba abokan gaba ba ne. Kuɗin da ke shiga hannunsu shi ne mafi ƙanƙanta a duk cinikin, kuma babu wanda ya san kowane kogo a dajin kamar su. Masu ƙirgar tsuntsaye, irin na cibiyar APLORI da ke Jos da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, da gandayen da ke karɓar baƙi, suna buƙatar irin wannan ido, kuma biyan mutum ya tsare kogo har 'ya'ya su tashi ya fi arha a kan kamawa da gurfanarwa.

Batun bishiya kuwa na fi sa rai da dagaci da mai unguwa da sarkin daji a kan kowace hukuma. Hana sare itace mai amfani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarakunan Damagaram sun yi suna wajen tsananta hukunci a kan gawo, kuma har yau a wurare da yawa ɗorawa da kaɗanya suna da masu su ko da gonar ta wani ce. Abin da za a ƙara kaɗan ne: bishiya mai kogo ta shiga cikin waɗanda ba a taɓawa, ko da ta daina 'ya'ya, ko da rabinta ya bushe, domin a idon mai gawayi da ma'aikacin gandun daji irin wannan ce ta fi cancantar gatari. A zagaya da matasa bayan girbi a shafa wa kowacce fenti, a share ciyawar gindinta taku uku ko huɗu kafin lokacin gobara. Gane wadda ake ciki ba ya buƙatar hawa. Bakin kogon zai yi santsi da alamar ɓarza a gefe, a ƙasa za a ga ɓawon ƙwaya da ɗan koren gashi, kuma idan aka tsaya nesa kaɗan da hantsi za a ga namijin ya sauka a reshen kusa, ya yi shiru yana dube-dube na ɗan lokaci kafin ya leƙa ciki.